Shekarar da Aka Ce Ina Dafa Giya

Na daɗe ina kewaye wannan babi. Labarin ƙuruciyata a Damagaram bai yi mini wuya ba, haka zuwana Lyon karatu da rigar sanyin aro, haka aurena da mahaifiyarku. Amma wannan shekara, duk lokacin da na zo bakinta sai in ja da baya. Ke Hadiza kin ga rabinta daga Lyon, kai Ibrahim ka ga rabinta daga La Courneuve a gefen Paris, kuma kowannenku ya ɗauka abin da ya gani shi ne duka. Na san har yau akwai gidajen da in an ambaci Malam Lawali sai a rage murya a ce, ai shi ne wanda ya dafa giya a kan bene. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin a lokacin ba ni da ƙarfin bayani. Yanzu ma ba ƙarfin ne ya dawo ba, lokaci ne ya ƙure.

Ita ce shekarata ta ƙarshe a wurin aiki, a labo ɗin da muke gwajin ruwan sha. Sanyi na shirin fita aka gano ciwon Hajiya, mahaifiyarku. Hadiza, da yake aikin jinya take yi a Lyon, ta kafe a kan sai dai uwarta ta koma wurinta, inda za ta sa mata ido da kanta. Ban musa ba, gaskiyarta ce. Ni kuwa saura watanni in ajiye aiki, ba halin in bi ta. Sai rayuwata ta rabu biyu: Juma'a da yamma in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, Lahadi in dawo gidan da babu kowa sai ƙarar firigo, na'urar sanyaya abinci. Maganin da suke ɗura mata, wanda suke kira shimiyo, ya hana ta cin abinci. Duk abin da ta haɗiya sai ya dawo. Macen da ta ciyar da rabin ɗaliban Nijar da suka ratsa Paris, ga ta kwance tana kawar da kai daga cokalin romo.

Wata Asabar ina zaune a gefen gadonta, na ɗauka barci take, sai ta ce:

"Malam, ka san abin da nake marmari? Kunun zaƙin Inna."

Inna ita ce mahaifiyarta, kakarku ta Tasawa, wadda ta rasu tun Ibrahim yana rarrafe. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sati na zagayowa na sayo mata a unguwar Barbès a Paris, wurin wata mata da ke sayarwa a gorar roba. Ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini.

"Wannan gari ne da sukari. Na Inna ba a sa masa sukari, zaƙinsa daga tsiron gero yake fitowa."

"To, ni zan yi miki."

"Kai? Kai da ko shayi za ka dafa sai ka tambaye ni inda tukunya take?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabona da jin dariyarta tun ranar da likita ya kira mu ofishinsa. A kan wannan dariyar na ɗauki aikin, ba a kan komai ba.

Daga kwance ta koya mini. A jiƙa gero, a ɗebi kaɗan a rufe shi da danshi har ya tsira, a shanya tsiron a daka. Sauran a markaɗa da citta da kanumfari da masoro, a raba ƙullun biyu, a dama rabi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen rabin da garin tsiro, a rufe ya kwana, da safe a tace. A baki abin bai fi haka ba. A hannu kuwa, geron farko da na sayo ya ƙi tsira, ya yi fumfuna, gidan ya ɗauki wari kamar an jiƙa tsohon takalmi. Na biyu ma haka. Sai da wani ɗalibi mai dawowa daga Maraɗi ya riƙo mini sabon gero a cikin akwatinsa, sannan wata safiya na buɗe jiƙaƙƙen buhun da na ajiye kusa da bututun ɗumama ɗaki, na ga fararen saiwoyi sun fito cunkus. Ni mai furfura na tsaya a tsakar ɗaki ina wa gero barka da zuwa. Tantabarun unguwa suka cinye mini shanyar farko a balko, barandar benenmu. Injin markaɗen mahaifiyarku ya ƙone a hannuna, har yau ban gaya wa kowa ba sai yanzu. In na taso daga aiki ƙafafuna sun kumbura, babu zama, sai wanki da tata da goge ƙasa. Na rame a shekarar nan fiye da yadda kuka lura.

Babbar matsalar ita ce hanya. Kunun zaƙi abu ne mai rai, ba ya tsayawa inda ka bar shi. In ya ji ɗumi sai ya ci gaba da tsami yana tara iska. Wata Juma'a a cikin zafi gorar roba ta fashe a jakata a cikin jirgi, kunu ya tsiyayo daga ma'ajiyar kaya a kan kafaɗar wani Bature mai kwat. Na isa Lyon hannu wofi da kunya. Da na ba da labarin a labo, wani abokin aikina Bernard, wanda shi giyarsa yake dafawa a gida don nishaɗi, ya ce ai matsalata tasu ce, kuma sun daɗe da magance ta. Ya kwatanta mini wani kanti. Na je na sayi kwalabe masu kauri masu marfin waya, da babbar tukunya mai famfo, da ma'aunin zafi, da wani ma'aunin gilas da ke nuna inda tsami ya kai. Da su na koyi tsayar da kunun a daidai inda nake so, in sanyaya shi, ya isa Lyon lafiya. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne kwalin da aka zubo mini kayan. Hoton ƙaton kofin giya ne a jikinsa, kumfa na zuba. Ran nan asansar ɗin benenmu, injin da ke hawa da mutane sama, ya lalace kamar kullum, na hau da kwalin a ka ina hutawa hawa-hawa, ina gaisawa da maƙwabta.

A Lyon kuwa abin ya karɓu. Kunun ya zauna a cikinta. Rabin kofi da safe, rabi da yamma, wani lokaci har ta nemi ƙari. Hadiza ta ce likitoci sun daina ɗaure fuska in an ɗora ta a kan sikeli. Amma ba ta taɓa cewa ya yi ba. Kowane sati in zuba mata in tsaya a kanta, ta kurɓa, ta lumshe ido, ta yanke hukunci.

"Tsiron bai kai ba."

Wani satin: "Ka cika masoro. Inna ba ta da nauyin hannu haka."

Wani satin kuma: "Ya kusa, Malam. Saura kaɗan."

In koma Paris da wannan "saura kaɗan" ɗin ina juya shi a raina har Juma'a.

Alhaji Sani kun san shi, amma ba ku san ko wane ne shi a wurina ba. Aji ɗaya muka yi a lakwal, makarantar boko, a Damagaram, shekara ɗaya muka zo ƙasar nan, shi ya yanka ragon sunan Ibrahim. Shi ne kuma shugaban kwamitin ɗakin sallar da ke ƙasan benenmu, inda na yi shekaru ina jan salla in liman ba ya nan. Wata ranar Laraba ya hawo duba ni. Ya tarar da tukunya a rufe tana kumfa, kwalabe jere a kan tebur, ma'auni na yawo a cikin ruwa, ga tsami ya cika gidan. Na zuba masa a kofi da murnata. Ya ce azumin nafila yake. Bai daɗe ba ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sauka. Da ya tambaye ni a ranar, mu biyu, da watakila ba a kai inda aka kai ba. Amma nauyina ya ji, ya tafi da abin a cikinsa, ya tambayi wani, wanin ya tuna da kwali.

Ganyen itatuwa na zuba aka ce in tsaya bayan La'asar. Dattawa ne kaɗan da liman, Malam Isufu, mutum mai sanyin hali. An yi gaisuwa doguwa, an tambayi mai jiki. Alhaji Sani ne ya yi magana, idonsa a kan darduma.

"Malam Lawali, ba wanda ya zarge ka a nan. Amma magana ta yi yawa a unguwa, har yara sun ɗauka. Mutumin da ke shiga gaba a salla bai kamata a riƙa faɗin haka a kansa ba. Ga Alƙur'ani. Ka dafa ka ce abin da kake dafawa babu giya a cikinsa ko ɗigo, mu kuma mu rufe bakin kowa."

Na ce: "Kunun zaƙi ne, Alhaji, irin wanda ni da kai muka sha a ƙofar lakwal. Ko tulu guda mutum ya shanye ba zai yi maye ba. Wannan zan rantse a kai yanzu."

"Ko ɗigo, muka ce."

Ku fahimce ni a nan, domin a nan ne komai ya karye. Rayuwata duka na yi ta ina auna abin da ido ba ya gani a cikin ruwa. Na san duk abin da ya kwana ya yi tsami, nono ne, fura ce, ko ayaba da ta nuna sosai, akwai ɗan burbushin da ma'auni zai iya gani, wanda bai isa ya bugar da ko ƙuda ba. Na auna nawa, na san akwai. Da ban sani ba da na dafa na rantse da zuciya ɗaya, kamar yadda kowace tsohuwa mai kunu za ta rantse, kuma ta yi gaskiya. Amma na sani. Sai na shiga yi musu bayani, kuma tun ina cikin yi na ga ina ƙara nutsewa. Wani dattijo ya ɗago a fusace.

"Wato yanzu furar da iyayenmu suka sha suka yi salla ita ma giya ce?"

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce? Akwai ko babu?"

Malam Isufu ya ɗaga hannu. Ya ce shi a saninsa abin da ba ya bugarwa komai yawansa halal ne, kuma bai ga laifi a kunu ba. Amma jama'a ba ma'auni suke da shi ba, kunne suke da shi. Ya ce in rantsuwar ta yi mini nauyi, akwai hanya ta biyu: in fitar da tukunyar da kwalaben nan daga gidan kowa ya gani, in bar dafawa, magana ta mutu da kanta.

Na kalli sahun gaba, wurin da goshina ya saba. Ba zan ɓoye muku ba, na so wurin nan. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙasar da ba a iya faɗin sunansa daidai, wurin nan ne kaɗai ake matsa masa ya wuce gaba. Sannan na tuna rabin kofi da safe, rabi da yamma.

Na ce: "Ba zan rantse a kan abin da na san ba haka yake ba. Kuma ba zan bari ba sai ranar da ta ce ta ƙoshi."

Aka roƙe ni, da ladabi ƙwarai, in ɗan ja baya daga jan salla har magana ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Na ci gaba da sauka ina salla a sahun baya kusa da takalma. Ana gaishe ni, amma gaisuwar ta gajarce. Matan da Hajiya ta yi wa wankan jego suka daina aiko mini da tuwo.

Ibrahim, kai ka zo mini a ranar Lahadin da ta biyo, ko zama ba ka yi ba.

"Baba, kalma ɗaya ce fa! Ka ce babu, c'est tout, shi ke nan. Kowa ya san abin da suke nufi. Yanzu surukaina suna tambayata, abokaina suna mini dariya. Saboda kunu?"

Na ce maka saboda uwarka ne. Ka ce uwarka ba ta ce in zubar da sunan gidanmu ba. Ka fita, ka yi watanni ba ka hawo benen ba. Ban riƙe ka ba, ko a lokacin. Ta wani gefen kana da gaskiya: sun san abin da suke nufi, ni ma na sani, kuma da na bi ma'anarsu na bar kalmarsu da ba wanda ya cutu. Na sha juya wannan a raina. Abin da na sani kawai shi ne hannuna ya ƙi tashi zuwa kan Littafin, kuma ban iya tilasta shi ba.

A ƙarshen shekara aka yi mini ɗan bikin sallama a labo. Bernard ya ɗaga kofinsa ya ce in faɗa musu abin da na fi alfahari da shi. Suna jiran in ambaci aiki. Ni kuwa da na duba shekarar, abin da na gani shi ne na koyi tsirar da gero a ƙasar da rana ba ta fitowa, na koyi kai kunu Lyon bai fashe ba, kuma mace guda ba ta mutu da yunwa ba. A ɗaya hannun na rasa sahuna, na rasa abokin ƙuruciyata, ɗana ba ya ɗaukar tarhona. Na ce musu na gode, na zauna.

Satin nan a gajiye na yi kunun, irin gajiyar da mutum ke aiki hannunsa na yi kansa ba ya wurin. Sai da jirgi ya bar Paris na tuna cittar tana nan a kan tebur a ƙulle, ban sa ko kaɗan ba. Na ce shi ke nan, yau zan sha faɗa. Na isa, Hadiza tana wurin aiki, na zuba wa Hajiya na tsaya a kanta ban gaya mata ba. Ta kurɓa, ta lumshe ido yadda ta saba.

"Ya kusa. Sai dai citta ta ɗan yi yawa."

Na zauna a bakin gadon. Na ce: "Hajiya, babu citta a ciki. Na manta ta."

Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ajiye shi a hankali.

"To, asirina ya tonu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara. Maganin nan ya kashe mini harshe, Malam. Komai na sa a baki kamar na tauna takarda. Wancan na Barbès ma ban ji shi ba, na dai san ba za su sa tsiro ba."

"Duk satin nan da kike cewa masoro, kike cewa tsiro..."

"Yana zama a cikina, wannan gaskiya ne, ban san dalili ba. Sauran kuwa, na san ka. Da na ce maka ya yi tun farko, me za ka yi da kanka daga Litinin zuwa Juma'a a gidan can kai kaɗai? Zama za ka yi kana lissafa kwanakina. Gara ka yi ta faɗa da gero."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ba na baƙin ciki ba ne, ba na daɗi ba ne, gajiyar shekara ce ta sami ƙofa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ma tana da tambaya. Ashe ta san komai. Mata sun buga mata tarho tun satin da abin ya faru, kowace da irin jajenta.

"Ka bar sahun gaba saboda ruwan gero," ta ce, tana girgiza kai. "Kai dai ba ka canzawa."

"In bari ke nan?"

"Wa ya ce ka bari? Ka kawo na sati mai zuwa. Kuma ka sa cittar, ko ban ji ba na san babu."

Na ajiye aiki na koma Lyon da tukunyata. Allah ya ƙara mata shekara guda da 'yan watanni, kuma har satin ƙarshe tana shan rabin kofinta. Ba ta sake cewa saura kaɗan ba, ni ma ban sake tsayawa a kanta ba, sai dai mu sha tare. Ranar jana'izarta Alhaji Sani ya hawo jirgi tun daga Paris da ciwon ƙafarsa, ya sa kafaɗa a makara, ya yi kuka fiye da ni. Ba mu taɓa tada maganar ba, kuma ba za mu tada ba. Ina so in kun gan shi ku durƙusa ku gaishe shi kamar da. Tsoron Allah ne ya sa shi yin abin da ya yi, ni ma shi ne ya sa ni, sai dai bai kai mu wuri ɗaya ba.

Har yanzu ina yin kunun, ko da yake hannu ya fara rawa wurin tata. Jikokina suna cewa da daɗi, amma su ko me aka sa wa sanyi daɗi ne. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san na Inna, ƙanwar mahaifiyarku da ke Tasawa. Kwanan baya na buga mata, na nuna mata kofin a tarho, ta ce launin kam ya yi. Na tambaye ta ɗanɗanon fa. Ta yi dariya ta ce, Yaya, wannan sai ka kawo. Likita kuwa ya riga ya gaya mini babu sauran doguwar tafiya a jikina. Don haka ban san ko ya yi ba, kuma ba zan sani ba.